Dinyoyin da Suka Sauka a Janbako

Kakarmu, Inna Hajo, ba ta fara labari sai an gama cin tuwo. Lokacin sanyi a Janbako takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida bayan magariba, mu zagaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye. Duk labaranta ina gane inda suka dosa, ban da ɗaya.

"Wanga labari ba tatsuniya ba ne," in ji ta. "Ina budurwa dinyoyi, tsuntsayen ruwa, sunka sauka fadamarmu. Ba irin namu manya baƙaƙe ba. Ƙanana, masu farin goshi, ba wanda yat taɓa ganin irinsu."

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a harbe su kafin su cinye shuka, wasu suka ce baƙi ne, a ƙyale su. Yayanta Sanda, maharbi, ya kayar da ɗaya. A ƙafarta aka sami zoben ƙarfe mai rubutu, liman ya juya ya juya, ya kasa karantawa. Sanda ya rasa sukuni. Ran da sauran suka tashi, ya rataya jaka ya bi su arewa, wai sai ya ga inda ake sa wa tsuntsu zobe.

Daga nan labarin yake rikicewa. Yau ta ce Sanda ya dawo da raƙuma. Gobe ya yi aure a wani gari bakin teku. Akwai ranar da ta ce shi ma dinya ya zama.

"Inna, wanne ne gaskiya?"

"Ka cika tambaya. Ƙara kara a wuta."

Bara ina duba shinkafar rani kusa da Bakura, sai ga dinyoyi guda bakwai suna kiwo, da farin goshinsu. Na tsaya har ruwa ya cika min takalmi. Da na koma Talata Mafara na sami mahaifina, bayan mun gaisa na gaya masa.

"Baba, ashe da gaske ne?"

"Dinyoyin? Allahu a'alamu, ba a haife ni ba. Amma Sanda kawuna ne. Ya fita, ba a sake jin ɗuriyarsa ba."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada a taɓa baƙo. Da na girma na ce ko a kan yawan bin diddigi take ja mana kunne. Yanzu ban ma tabbata akwai darasi ba. Ina jin dai tsohuwa ce ke neman inda za ta ajiye yayanta, kullum ta gwada wani wuri, mu kuwa muna dariya muna cewa ta ƙara.