Tsagen da wanzami bai sani ba

Ina da shekara ashirin da bakwai aka ɗinke mini leɓe a Sakkwato. Da tsagaggen leɓe aka haife ni, har cikin ganɗa. Da na dawo Gummi kowa sai barka yake yi mini, wai na zama saurayi. Ni kuwa in na leƙa madubin babur ɗina, tabon kawai nake gani, wani layi daga hanci zuwa baki. Na tsane shi fiye da tsagar da na saba da ita.

Sai na tara gashin baki. Gashi ba ya tsira a kan tabo, don haka na bar na gefe ya yi tsawo ina kwantar da shi a kai. Inna ta ce na yi kama da bunsuru. Na yi kunnen uwar shegu da ita, shekara biyu cur.

Wata ranar kasuwar Bukkuyum na kai fasinja, na zauna aski wurin wani tsohon wanzami da bai san ni ba. Iska na kaɗawa, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ina farkawa na ji sanyi a leɓe. Ya kwashe gashin tas! Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya riƙe haɓata yana dubawa.

"Yaro, wanga tsage na wane gida na? Na san na Zamfarawa, na san na Kabawa da Gobirawa, amma ban taɓa ganin wanga ba. Wanda ya yi shi hannunai na da kyau."

Da gaske yake tambaya, ya ɗauka tsagen gado ne. Na ce, "Baba, na gidanmu na." Ya gyaɗa kai ya ci gaba da wasa askarsa.

Duk da haka da hannu a baki na shiga gida. Inna tana sheƙe shinkafa. Ta ajiye faifai, ta zo ta sauke hannun, ta daɗe tana kallona.

"Sadda leɓen ga yana buɗe na goya ka na zaga garin ga duka, ban taɓa ja maka zane bisa huska ba. Yanzu da anka ɗinke kaka ruhewa?"

Kunya ta kama ni. Washegari na sayi reza.