Kilo da Gyara

Inna ba ta taɓa gane abin da nake karantawa a Faransa ba, kuma ban ga laifinta ba, don ni ma sai da na shekara a can kafin in iya faɗar sunan karatun ban yi tuntuɓe ba. Otomatisim ake ce masa. Wani hutun damina da na zo garinmu Buza na yi mata bayani a kasuwa, tana zaune bayan tarin gero da dawar da take awo. Na ce ana koya mana yadda inji zai yi aiki shi kaɗai, ba mai tsaye a kansa.

"To mutanen hwa, mi za su yi?" in ji ta.

"Su huta, Inna."

"Lalle ka samu karatun da yad dace da halinka."

A gindin awon nan na girma. Inna takan cika tiya har ta yi tsororuwa, ta juye wa mai saye, ta janye hannunta. Sai ta ɗago ta tambaye shi mutanen gida, ko ruwa ya sauka wajensu. Bayan nan ne za ta dumbuzo hannu guda ta ƙara masa gyara. Akwai matan da ke tasowa tun daga wajen Tabotaki su wuce rumfuna da yawa, sai tata. Ni kuwa na tashi da sanin cewa awon da ba gyara ba awo ba ne, kora ce.

A shekarar ƙarshe, farkon shekarun tamanin, al'amarina ya tsaya a kan jarrabawar aikin hannu. A ta rubutu da ƙyar na sha. Dokar gwamnatin da ta tura mu a fili take: wanda ya faɗi za a yanke masa kuɗin karatu, ya komo gida ba takarda. Ba talauci nake tsoro ba, na san shi ya san ni. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne tunanin saukowa daga motar Madawa, mutanen da suka raka ni tasha da addu'a su taso tarye, ni kuwa ba abin da na kawo sai rigar sanyi.

Aikin da aka ba ni mai sauƙin faɗa ne. Inji ne mai zuba shinkafa a jakunkuna. Ɗamarar roba mai tafiya, wadda muke ce wa tapi, ta kawo jaka kan sikeli, ƙofar bututu ta buɗe, shinkafa ta zuba, da ta kai kilo ƙofa ta rufe, jaka ta wuce, wata ta zo. Ni zan zana tsarin, in haɗa wayoyin. Na haɗa, ya yi aiki tun da sauran lokaci, har ina yi wa 'yan ajinmu kallon tausayi.

Amma duk lokacin da na tsaya ina kallonsa sai raina ya ɓaci. Da allurar sikeli ta taɓa kilo sai ƙofar ta rufe garam, kamar an rufe wa baƙo ɗaki a fuska. Ban taɓa ganin rowa irin ta injin nan ba, kuma ni na haife shi. Sai na je ma'ajiyar kayan aiki na karɓo tampo guda biyu, wato 'yan na'urorin da ke ƙirga lokaci kafin su saki wuta. Ɗaya ya sa inji ya ɗan dakata bayan kilo ya cika, ɗayan ya sake buɗe ƙofa na ƙiftawar ido. Wuni na yi ina daidaita su, har abin da ke zubowa ya zo daidai da cikin tafin hannu. A zuciyata na ce ai ko don wannan hikima sai an ƙara mini maki.

Ranar jarrabawa mutum biyu suka tsaya a kaina. Akwai malaminmu, wani dattijo siriri wanda ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa, ni kaɗai nake ce masa Mushe irin yadda muke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a gida. Akwai kuma wani ƙaton mutum da aka gayyato daga masana'anta, ya zo da nasa ɗan sikelin. Na danna maɓalli, inji ya kama aiki, ni kuwa na harɗe hannuwa a baya.

Mutumin masana'anta ya auna jaka ta farko, ya auna ta biyu, ya ɗaure fuska.

"Ƙofarka tana yoyo," in ji shi. "Duk sun wuce kilo."

Mushe bai kula sikeli ba, ƙofar yake kallo. Ta rufe, ta dakata, ta buɗe, ta rufe.

"Wannan ba yoyo ba ne," ya ce. "Koya masa aka yi. Mene ne wannan?"

Na rasa kalmar a Faransanci, sai na faɗe ta da Hausa, na ce gyara ce, na ba su labarin rumfar Inna. Mutumin masana'anta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in aka sa injina a wurinsu, kafin shekara ta zagayo mai masana'anta zai koma neman aiki. Ni dai ban ga abin dariya ba, motar Madawa kawai nake hange.

"Na ji ƙarin," in ji Mushe. "Dakatawar fa? Me ya hana ka ɗaga ma'aunin sama kaɗan, ka huta da tampo biyu?"

"Ai sai mai saye ya ga haƙƙinsa ya cika tukuna. In aka zuba su tare ba gyara ba ce, kuskuren awo ne."

Mushe ya juyo gare ni. Sa'an nan ya ce kilo aka ce in auna, ba a ce in yi zumunci ba. In cire abin nan yanzu, a gabansu, ba tare da na duba zanena ba, inji kuma ya ci gaba da aiki. In na san wayoyina, to. In ban sani ba, magana ta ƙare.

Na buɗe akwatin wayoyi. Allah ya taimake ni, na sha wuya a kan tampon nan har na san kowace waya kamar hanyar gonarmu. Na cire, na haɗe, na danna maɓalli. Ƙofa ta rufe garam. Ƙaton ya auna jaka bayan jaka, kilo cif, ya gyaɗa kai. Na ji daɗi, amma na ji haushi kuma, don injin ya koma marowacin da yake.

Da yamma aka tara mu a aji, Mushe yana kiran suna yana faɗar maki. Goma cikin ashirin ake nema, ƙasa da haka gida. Da ya zo kaina na riƙe gefen teburi.

"Goma," ya ce.

Na saki numfashi. Na ci, da ƙyar, amma na ci. Ya ajiye alƙalami, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko an yi ruwa a ƙasarmu bana. 'Yan aji suka kalli juna. Na ce an yi, alhamdu lillahi.

"Da rabi," in ji Mushe, ya kira na gaba.