Harajin Daddawa

Na haura arba'in kafin na iya karanta sunana. A Alƙahira na koya, a wani ɗaki a unguwar Arba wa Nus, wajen wata malama Bahaushiyar Sudan. Da muka fara jan layi ba tuntuɓe, sai ta shigo mana da tarihi.

Wata rana ta ba mu labarin Amurka. Turawa ne suka ƙetare teku suka kafa garuruwa, amma sarkin Ingila ke mulkinsu daga can. Majalisarsa ta ɗora musu haraji a kan takarda da ganyen shayi, alhali ba su da mutum ko guda a cikinta. Suka yi koke, aka ce ai majalisa tana wakiltar kowa. Matansu suka daina dafa shayin. Wasu maza suka hau jiragen da suka kawo shi, suka juye shi a ruwa. Sarki ya rufe tashar jiragen, ya turo soja. Daga nan sai yaƙi, sai 'yanci.

Na ce, "Malama, tsada shayin ya yi?"

Ta ce, "Har arha ya yi. Abin da ya ci musu rai, ba a tambaye su ba."

Maganar ta biyo ni har unguwarmu, Ainu Shams, domin a makon ne kwamitin 'yan ƙasarmu, maza zalla, ya yanke cewa kowace mace ta kawo daddawarta don walimar ƙaramar Sallah. Wanda bai zauna Masar ba ba zai gane ba. Babu daddawa a kasuwar unguwa. Sai wani ya taso daga gida ka roƙe shi ya cusa maka a jaka, kana gutsurar ta kamar magani.

Na zaga gidajen mata, muka tsayar da magana: ko ƙwaya ba za ta fita ba sai an ba mu kujera a kwamitin.

Maigidana ɗan kwamitin ne, kuma na ba shi labarin shayin. Ya ce, "Uwar yara, to ku a kogin Nilu za ku zuba?"

Na ce, "Allah ya kiyaye. Tawa tana nan inda na ɓoye ta."

Shugaban da kansa ya zo har ƙofa. "Hajiya, ma'alish, a yi haƙuri, aikin lada ne fa."

"Allah gafarta Malam, lada da daddawata, sai a tambaye ni."

"Ai mazajenku suna wakiltarku."

"Nawa ko inda nake ajiye ta bai sani ba."

Ya juya ya tafi. Wasu matan suka tsorata, na sake bin su gida-gida. Ranar Sallah, dafaffen wake da gurasar Masar aka ci a walima, kamar kowace safiya. Ni ma na ci, kuma na ji zafin abin, don yarana sun sa rai da miya.

A zama na gaba aka aiko a kira ni. Na tarar da kujerar roba a gefe, na ja ta tsakiya na zauna. Da aka zo maganar babbar Sallah, shugaba ya gyara murya ya ce, "Hajiya, me kuka gani?"

Na ce, "Za mu kawo. Amma mu za mu auna."