Harafin da Ba a Duba Ba

Ranar ɗaurin aurena a Daudawa, kawuna ne ya karɓi takardun gwajin jininmu, nawa da na ango. Yanzu haka ake yi, sai an nuna takarda kafin a shafa fatiha. An ce ya ɗaga ta mijina ya ga AS, ya ɗaga tawa ya ga AC. Ya ce, "Ita ba ta da S, ai shi kenan." Kowa a garinmu S yake tsoro. Ni kaina da na gama sakandare ban san C na nufin wani abu ba.

Ɗiyarmu tana shekara uku ciwon ya taso. Da hantsi ne, ina tankaɗen garin masara, na ji kukanta ya canza. Ta riƙe ƙafa, ko yatsa ba ta bari a ɗora mata, idanunta sun yi ɗorawa. Muka tafi asibiti a Ƙanƙara a kan babur, tana tsakanina da babanta.

Kwana huɗu muka yi. A na uku aka ce jininta SC ne, wani nau'in sikila. Na ce ba zai yiwu ba, ni ba ni da S. Sai aka tura ni wajen wata Hajiya mai aiki a ɗakin gwajin jini, dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci.

"Zamna, ɗiyata. Mi kike son sani?"

"Hajiya, mi ne ne C ɗin nan?"

Ta ciro carbinta daga aljihu. Ta ce abin da ke sa jini ja, mai ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, sarƙoƙi ne kamar wannan, ƙwaya bayan ƙwaya. A mai S, ƙwaya ɗaya ce tak ta sauya. A mai C, a daidai wannan gurbin, wata ƙwayar ce daban ta shiga. Yarinyar tawa ta ɗauki S wajen uba, C wajena.

Ina cikin tsoro, amma abin ya ba ni mamaki har na manta da kuka. Ƙwaya ɗaya?

"To Hajiya, ba a tsinke carbin a cire ta a sake ɗaurewa?"

Ta yi dariya har tabaranta ya zame. "Ke tela ce?"

"Ina taɓa ɗinki."

"Ya nuna."

Sai ta ce abin da na faɗa ba shirme ba ne, akwai masu bincike da suke yin kusan haka. Suna da wani sinadari, enzayim, irin wanda ke cikin ganyen gwanda da muke naɗe nama da shi ya yi laushi. Shi ke yanka sarƙar a wuri sananne. In kuma aka canza ruwan da yake aiki a ciki, shi ɗin dai da ya yanka shi ke komawa ya liƙe. Ta haka suke ɗauko guntu nan, guntu can, su haɗa irin jinin da suke so su gani.

Na matso da kujerata. "A ina ake yi? Mu kai ta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce a cikin kwalba ake yi, ɗan mitsitsi, don su gane dalilin da wani jinin ke lanƙwashewa kamar lauje ya kawo ciwo, wani ba ya yi. Ba a yi wa mutum. Jikin yarinyar kullum sabon jini yake ƙerawa, kuma da irin tsarin da ya gada zai ci gaba da ƙera shi.

Ta rubuta mini abin da zan iya: ruwa da yawa, gidan sauro, ƙwayar maganin da yarinyar za ta riƙa sha kullum, kuma kada in yi jinkiri in zazzaɓi ya zo.

Wata biyar ke nan. Wani lokaci ina kan keken ɗinki sai in tsaya, ina tunanin ko a cikin kwalaben nan wani ya taɓa haɗa irin jinin ɗiyata daidai, ko mi ya gani da ya duba. Ban san wanda zan tambaya ba. Sai in tashi in ɗebo mata ruwa a moɗa. Ta ce ba ta jin ƙishirwa. In tsaya a kanta har sai ta shanye.