Allon Saukar 'Yata da Injin Yanka

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin ya kai bakin ƙofa, akwai kuma wanda zai zauna masa a rai har ƙarshen rayuwa. Nawa shi ne abin da ya faru a kwanakin saukar Alƙur'anin babbar 'yata, lokacin da ni da injina na yanka muka kusa tafka abin kunya a gidan mahaifina. Yarinyar yanzu tana jami'a, amma duk ranar da na tuna sai in ji kamar jiya aka yi.

Injin ba wani babba ba ne, bai wuce girman firinta ba. Zane ake yi a waya, a manna takarda ko ledar sitika a kan wani faifai mai danƙo, a tura masa, sai wata 'yar mitsitsiyar wuƙa ta bi zanen ta yanke shi tsaf. Wata ƙawata ce da za su tashi daga Kano ta bar min shi. Sati uku ya yi a cikin kwali a gidana na Dukawuya, ina wucewa ina hararsa, don tsoronsa nake ji. Ranar da na kunna shi kuwa na sha wuya. Faifan ya riƙe takarda gam, na ja ta yage. Na rage ƙarfin wuƙar ta ƙi huda komai, na ƙara ta yanka har faifan. Maigidana yana leƙowa yana cewa ai ya ga injin ya ƙware wajen haɗa shara. Ban kula shi ba. Da kallon bidiyo a waya da ɓarnar takarda, cikin wata biyu na iya yanka sunan amarya da ango a manna a bokitin rabo, na iya adon da ake tsirawa a kan kek. Mata suka fara kirana, ni kuma kaina ya fara kumbura. Da ma an ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mahaifina mai zayyana ne a Kabara, kuma kakansa ne ya zo da sana'ar daga Barno. Zayyana ita ce adon da ake zanawa a takarda a manna a allon wanda ya sauke Alƙur'ani: Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, an kewaye su da layuka da da'irori da ƙulle-ƙulle na ja da kore da rawaya. A gidanmu babu wanda ya taɓa yin sauka da allon kasuwa. Ni da 'yan uwana kaf, Baba ne ya zana mana da hannunsa. 'Yata kuwa ita ce jikarsa ta fari, tun tana 'yar ƙarama yake tsokanarta cewa in ba ta yi sauri ta sauke ba zai sake ta ya auri wadda ta fi ta ƙoƙari. Ita kuma ta ce wa zai auri tsoho mai tawada a gemu.

Ana saura kwana goma sauka na je gida, mahaifiyata, wadda muke kira Hajiya, ta ja ni ɗaki ta rage murya. Ta ce hannun Baba ya ƙara rawa. Rubutu yana iya yi a hankali idan ya dafa hannun a kan gwiwa, amma dogon layi da da'ira sun gagare shi. Takarda huɗu ya ɓata, ya ɓoye su a ƙarƙashin buzunsa, bai gaya wa kowa ba. “Ni dai kada ki nuna masa kin sani,” in ji ta.

Da na yi hankali, da na zauna na yi tunani. Amma ni Allah ya yi ni da rawar kai. Tun a cikin adaidaita sahu na gama yanke shawara: ai ga inji a gida, me zai sa tsoho ya wahala? Na ɗauko allon saukata, na ɗauke shi hoto, na bi zanen a waya, na yanka shi da sitika kala-kala har da mai ruwan zinare. Ayoyin ma na ce injin ya yanka. Su ne suka fi ba ni wuya, don haruffan sirara ne, ana ɓare su suna tsinkewa. Sai a karo na biyar suka fita daidai. Na manna komai a sabon allo, na ja baya na kalle shi, na ce lallai yau Baba zai san ya haifi 'ya.

Na same shi a zaure da hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa allon ina murmushi har kunne. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya shafa da yatsa.

“Ya yi ƙyalli,” ya ce. “Wannan rubutun ma injin ne ya yanka?”

“Shi ne, Baba. Sai da na yi sau biyar kafin ya fita.”

Da alfahari na faɗa, wallahi, don ya san na yi wahala. Ya cire tabarau ya dube ni.

“To, huɗun da suka lalace fa, suna ina?”

Suna cikin kwandon sharar kicin ɗina, tare da ɓawon albasa. Ni da na tashi a gidan da ko guntun takarda aka gani a ƙasa sai an ɗaga an duba ko akwai sunan Allah a jiki, ni ce na yayyanka Fatiha na watsa a shara, don a idona ta zama ragowar sitika kawai. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Tashi ki je, Allah ya sa ba a kwashe ba.”

Ba a kwashe ba. Na zazzage kwandon a kan tabarma, ni da 'yata muka zauna muna tsintar haruffa ɗaya bayan ɗaya, wasu sun manne a jikin leda, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Ina tsinta ina kuka ina istigfari. Muka wanke su, muka ƙulle a farin ƙyalle, na mayar wa Baba ya binne a inda yake binne tsofaffin takardun karatu. Da zan fito Hajiya ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, “Sharar nan ta ɓata masa rai, amma ba ita ta hana shi cin abinci ba. Kin kawo masa allo gamamme. Me kika gaya masa ke nan? Cewa hannunsa ya ƙare.” A hanyar gida kuma 'yata, wadda ta rako ni, da ma Malam take kiran kakanta, ta ce, “Mama, ni allon Malam nake so, ko da a karkace ne.” Na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba.

Kwana biyu ban taɓa injin ba. A rana ta uku na tuna wani abu da na sha gani tun ina yarinya. Idan Baba zai ja miƙaƙƙen layi, rula yake dafawa, alƙalamin ya jingina da ita. Hannu mai rawa ma idan ya sami abin jingina zai tafi daidai. Matsalar ita ce babu rular da'ira, babu ta ƙulli. To me zai hana in yanka masa? Na sayo farar robar nan da ake yi wa littafi bango a shagon fotokwafi, na sa injin ya huda zanen a jikinta, ta yadda bakin alƙalami zai bi ta cikin hujin. Ina ɗaga robar daga faifai sai tsakiyarta ta zube gaba ɗaya. Layukan zayyana ratsa juna suke yi, duk inda suka kewaye wuri sai wurin ya faɗo. Abin da ya rage a hannuna wani ƙaton rami ne kawai.

Wannan karon ban yi gaban kaina ba. Na kwashi robar da gutsattsarinta na tafi Kabara, na zube su a gabansa. Na ce, “Baba, na yi laifi, ka yafe min. Ga abin da nake son yi, ya gagare ni. Ba zane zan yi maka ba, abin da alƙalaminka zai jingina nake nema.”

Ya ɗaga robar ya leƙo ni ta cikin ramin, sai ya yi dariya, ta farko da na ji daga bakinsa a makon.

“Ke da kika girma a zauren nan, kin taɓa ganin na zana shi gaba ɗaya? Katanga ake fara ja, wato layin da ya kewaye gefe. In ta bushe a zuba da'irori. Sannan ƙulli, sannan ƙananan ado. Injin naki ba shi da haƙuri ne, ko ke ce ba ki da shi?”

Na ce ni ce. Ya ce da ma ya sani.

Ashe maganin ke nan: roba huɗu, kowacce da nata kashin aikin, bi da bi yadda ya gada. Shi ne kuma ya ce in riƙa barin 'yar gada a jikin kowace da'ira don kada cikinta ya faɗo, zai haɗe gurbin da hannu. Ya ce a huda kusurwa huɗu na kowace roba a wuri ɗaya, a soka allura, don kada wata ta goce wa wata. Duk bidiyon da na kalla babu wanda ya koya min wannan. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa wuƙar injin ba za ta ƙara taɓa aya ba, kuma har yau ban karya ba.

Washegari na ɗauko injin kacokan na kawo zaure. Abokan hirarsa suka kewaye shi suna salati, wani yana tambaya ko yana yanka yadi. Ana tsakiyar roba ta biyu aka ɗauke wuta, muka zauna jira har bayan azahar, Baba yana ta gyara min kaurin layi a waya da ɗan yatsansa mai rawa. Kwana uku muka yi muna aiki da hantsi, lokacin da hannun ya fi lafawa. Ni ina danne roba, shi yana bi da alƙalamin kara. Da'irar farko da ta rufe ba tare da ta karkace ba, ya tsaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya sake tsoma alƙalami a tawada. Launukan shi ya cika da kansa. Ayoyin kuma ya rubuta su a rana ta ƙarshe, harafi bayan harafi, babu roba babu ni. In ka duba da kyau za ka ga inda hannun ya ɗan girgiza, kuma wurin ya fi ko'ina kyau a idona.

Ranar sauka 'yata ta zauna a gaban malamai, ta rungume allon, ta karanta muryarta ko rawa ba ta yi. Bayan an shafa addu'a allon ya riƙa yawo hannu zuwa hannu. Muna daga cikin gida muna leƙe ta labule, sai na ga wani dattijo, shi ma tsohon mai zayyana ne, ya kai shi kusa da idonsa yana bin da'irorin da yatsa. Ya ce, “Malam, ana ta cewa hannu ya gaji, ashe zance ne.”

Na ɗauka Baba zai yi shiru ya bar maganar a haka, kuma da ya yi hakan ba zan ga laifinsa ba. Sai na ji ya ɗaga murya yadda har mata za su ji.

“Hannu kam ya gaji, Alhaji. 'Yata ce ta sassaƙa masa sanda.”

Na yi ayyuka da yawa da injin nan bayan haka, har na sayi wanda ya fi shi girma, an kuma yabe ni a wurare. Amma ban taɓa jin alfahari irin na wannan rana ba, har sai da Hajiya ta zungure ni ta ce in rufe baki kada ƙuda ya shiga. Da robobin nan huɗu Baba ya zana wa jikoki uku allunansu kafin Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, iya aiki daban, sanin inda za ka sa shi daban. Na je da niyyar hutar da mahaifina, saura kaɗan in raba shi da abin da yake tashi dominsa kowace safiya. Tun daga lokacin, idan na ga babba yana fama da aikin da ya saba yi, ba na karɓe masa. Nakan matso kusa in tambaye shi inda zan riƙe.