Rigar ankon ƙanwata

Ni da yadin roba ba ma ga maciji. Atamfa tana da ladabi, inda ka aje ta nan za ka tarar da ita. Shi kuwa wannan, ka ja shi ya biyo ka, ka sake shi ya tsuke. Kekena na ƙafa ne, gadon gwaggona, ɗinki ɗaya ya sani, miƙaƙƙe. To, sai ga bikin ɗiyar kawunmu a Korgom, ƙawayen amarya suka shiga kasuwar Tasawa, duk yadin duniya bai yi musu ba sai na roba, shuɗi mai walƙiya. Shi ne anko.

Ƙanwata ta zo gidana a Maijirgi da nata yadin a leda. Ta daɗe da aure, sau biyu ciki yana zube mata bayan dangi sun gama murna. Na zagaya metir na awo a ƙugunta, na duba, na sake zagayawa. Awonta a kaina yake tun tana budurwa, yau kuwa ya ƙaru. Na ɗago kai, ita kuwa ta tsura wa kajina ido kamar ba ta taɓa ganin kaza ba.

"Yaya, tuwo nake ci da yawa kwanan nan."

"To, Allah ya ƙara hatsi," na ce.

Har ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Don Allah kada rigar ta kama ni."

Ban tambaye ta komai ba. Na gane ba ta son kowa ya sani sai cikin ya yi ƙwari, ta gaji da a zo barka a dawo jaje. Daɗi da tsoro suka cika ni lokaci guda. Ga shi yadin roba ba ya riƙe sirri, ludayin fura ɗaya ka sha sai ya sanar da unguwa. Kuma kafin biki jikin zai ƙaru.

Na fara gwaji da ƙyalle. Na ɗinka, na ja da hannu biyu, zare ya ce ɗas. Na hango wannan ɗas ɗin a tsakiyar filin rawa. Na sassauta zaren sama, na ƙara tsawon ɗinki, ya daina tsinkewa, amma allura ta riƙa tsallake. Na aika Tasawa aka sayo mini mai dakusasshen baki, wadda ke ratsa tsakanin saƙa ba ta huda ta. Sai kuma haƙoran keke suka shiga cinye bakin yadin. Wallahi sai da na zagi keken, na kuma ba shi haƙuri. Daga ƙarshe na shimfiɗa siririyar takarda a ƙasa, na ɗinka tare da ita, na yage ta daga baya. Hannuna ma na koya masa ladabi, ya raka yadin kawai, ban da ja.

Rigar na yanka ta yadda miƙewar za ta bi faɗin jiki. Na yi tattara daga ƙasan ƙirji ta zubo har ƙasa, gefuna na bi su layi biyu. Don kada tata ta fita daban, na yi wa kaina irinta, na ce wa mata sabon yayi ne. Ai kuwa sai ga su suna kawo nasu.

Ranar biki ƙanwata ta gaisa da kowa, ta ɗan taka rawa, ba wanda ya kalle ta sau biyu. Ina cikin jin kaina, sai na ga ta ɗauki taɓarya za ta taya daka. Innarmu ta miƙa hannu ta karɓe.

"Je ki inuwa ki tsince mini shinkafa."

Daga nan Inna ta matso kusa da ni, ta shafa tattarar rigata.

"Ɗinki ya yi kyau, kin rufe idon gari. Amma ni na haife ta. Tun saukowarta daga amalanke na gani."

"Inna, don Allah."

"Wa kika ji na gaya wa?"

Duk danginmu sun shaida magana ba ta kwana a cikin Inna. Amma wannan ta riƙe ta, ta yi gum, har ranar da aka yanka ragon suna.