Jar Hular Ɗan Tsalle

Ni da abokina ɗan Maraɗi mun fi shekara ashirin muna gardama a kan na'urar gem, wato wasan talabijin. Tun muna samari ya zo Jibiya zama wurin kawunsa mai dakon kaya a boda, da baƙar na'urarsa mai kaset a cikin buhun taki. Tawa mai faifai ce, kuma ban taɓa bari ya manta ba.

Kaset ɗinsa sai an hura masa iska kamar ana hura garwashi kafin ya tashi. Nawa faifan kuwa da ya sami ƙarzuwa ɗaya, shi ke nan, sai a kifa na'urar ana lallashi. Amma inda nake kayar da shi guda ne: tasa an yi ta ne don talabijin ɗin Nijar, a tamu sai ta fito fari da baƙi. Ya yi ta rantsuwa wai ɗan tsallen nan na cikin gem ɗin jar hula gare shi. Ni kuwa in ce, "Haba mutumina, hula ruwan toka dai!"

Ciwon suga ya cinye masa idanu bara waccan. Ya daina fitowa, ya daina gardama. Shirun nan ne ya fi tsorata ni, wallahi.

Sai na yi wauta. Na tsallaka boda na sayo tsohuwar talabijin ta can, na ɗauko ta a bayan babur, na jona na'urarsa a zaurensu bayan la'asar. Sai da hoto ya fito na ankara da abin da na aikata: na kawo wa makaho abin kallo. Kunya ta kama ni.

Ya saurari kiɗan ɗan lokaci, ya ce, "Kashe ta. Miƙo mini ƙwayar lido." Ashe a zaman kaɗaicin ya ƙirƙiro wasa: mutum ɗaya yana faɗar duniyar da baki, ɗayan ya zaɓi abin da zai yi, ƙwaya ta yanke hukunci. Yau kana fatauci a hanyar Agadas, gobe kana cikin ƙungurmin daji.

Na ce wasan da babu hoto ai tatsuniya ce.

"Kai, rufe mana baki! Taka na'urar tana iya kai ka inda ba a zana ba? Tana aiki in an ɗauke wuta?"

Abokina na da ya dawo ke nan. Muka kai har kusan magariba, ya jefa ni rijiya sau biyu a cikin wasan, yana dariya har da tari.

Da na tashi tafiya ya riƙe hannuna. "Kafin ka kashe, ka ga hular?"

Na ce na gani.

"Wane launi ce?"

"Ja ce, mutumina. Ja wur."

Ya saki hannuna, ya juya fuska bango. "Da ma na faɗa maka."